Ɗorin da Mai Shi Ya Tafi Bai Kwance Ba

Daga:
Marka, ɗiyar marigayi Tsoho Maɗori na Dakko,
Shiyar Mahauta,
Bakura.

Talata, 15 ga Maris, 1983.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Jami'in Lafiya,
Shiyyar Talata Mafara,
Jihar Sakkwato.

Ranka shi daɗe,

GAME DA: ƘARAFUNAN ƊORI DA AKA KAFA WA ƊANA A ƘAFAR HAGU TUN RANAR 15 GA YUNI, 1982, WAƊANDA HAR YAU AKA RASA MAI CIREWA

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma irin wanda ya dace da ofishinka, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya, da roƙon Allah shi ƙara maka haƙuri da jama'a, ina gabatar da wannan koke nawa cikin ladabi da biyayya.

Ni tsohuwa ce. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin sallah. Malam Barau mai rubuta takardu a bakin kasuwar Talata shi ke riƙe da alƙalami, kuma mun yi sharaɗi da shi: gaisuwa da ranka-shi-daɗe nasa ne, ya zuba su inda ya san ana zubawa, sauran magana tawa ce, kada ya sa mata zuma. In ka ci karo da abin da ya yi maka ɗaci, kada ka nemi Malam Barau, ni za ka nema. Kwanakin wata kuwa daga katin asibiti ya kwaso su, ni da kasuwa da Sallah nake gane lokaci.

Ya ce mini ofis ba ya karɓar koke sai da sunan mai ciwo. Ɗan farina ne. Shekara talatin da shida ban taɓa kama sunansa da bakina ba, ko cikin ɗaki, kamar kowace uwa mai kunya. Yau na faɗe shi a bainar kasuwa, masu albasa suna ji. Zakari. An rubuta, shi ke nan. Daga nan zuwa ƙasa mai ƙafar zan riƙa cewa, ka san wanda nake nufi.

Ga abin da ya faru, bi da bi.

1. A ranar Talata, 15 ga Yuni, 1982, saura kwana takwas a kama azumi, mai ƙafar ya sayi sa a kasuwar nan ta Talata Mafara, ya kama hanyar kora shi Bakura, domin fawa ce sana'arsa, ita ce ta ubansa da kakansa. Tsohon burtalin da muka sani tun muna yara, yanzu magudanar siminti ta ratsa shi, irin waɗanda aka jawo daga dam, an gitta katako a wurin ƙetarewa. San ya hau, ya ga ruwa yana gudu a ƙarƙashinsa, ya firgita ya zame, igiya kuwa tana naɗe a hannun mai ƙafar. Tare suka faɗa, san a sama. Ƙwaurin hagu ya karye, ƙashi ya huda fata ya leƙo waje. Ban zo ƙarar san ba, an yanka shi a wurin an cinye. Ban zo ƙarar magudana ba. Abin da muka gani a shekarun dam ɗin nan, na gonaki da na fadamu, wanda ya gani ya gani, ba shi ya kawo ni ba.

2. Motar wani kamfanin 'yan kwangila mai bariki a hanyar Morai ita ta tsinci mai ƙafar, ta kai shi ɗan asibitin da ke cikin barikinsu. A nan akwai wani likita Bature da ma'aikata ke kira Mai Lofe. Ban san masa wani suna ba, a katin ma gilme-gilme ya yi wanda ko Malam Barau ya kasa karantawa. Da na iso washegari da hantsi na tarar an gama aiki. Ƙusoshi shida masu kaurin tsinken tsire, uku sama da karayar, uku ƙasa da ita, sun shiga ta fata sun kama ƙashi, kawunansu a waje. Sanduna biyu na farin ƙarfe sun haɗe su a tsaye, kowace mahaɗa da notinta. Na yi ihu a wurin. Na ce ɗan mahauci na haifa, ban haifi tsire ba, wa ya ce a tsire mini shi? Sai da aka fitar da ni waje.

3. Ina so a rubuta wannan tun da wuri, don kada a ce tsohuwar ƙauye ce mai ƙin asibiti. Ni ɗiyar maɗori ce. Tun ina da shekara tara nake riƙe wa babana ƙafar mutane yana ja, ni ke fere masa kara, ni ke narka masa man shanu. Na san tsagewa, na san gocewa, na san karaya mai baki, wato wadda ƙashi ya fasa nama. Irin wannan in an kawo gidanmu babana yakan ce a fara da addu'a, domin in ka ɗaure ƙashi ka rufe miki ya ruɓe, in ka buɗe miki ka saki ƙashi ya goce. Da na zauna kwana uku ina kallon yadda ake wanke mikin safe da yamma ta tsakanin sandunan, ƙashi kuwa yana nan daram ko motsi ba ya yi, sai na gane. Karan ne dai irin namu, sai dai nasu daga nesa yake riƙe ƙashi, ya bar wa miki hanyar shan iska. Dabara ce, na sara mata. Da babana ya gani da ya yi kwana bai yi magana ba don kishi. Mikin ya cike cikin Talata bakwai. Ban zo ƙarar ƙarfe ba, ranka shi daɗe. Ƙarfe ya yi aikinsa tuntuni.

4. Ranar da aka sallame mu, likitan ya yi mana bayani ta bakin Jafaru, mutumin Maradun, wanda shi ke yi masa tafinta, shi ke miƙa masa kayan aiki, shi ke wanke miki. Ya ce a dafa ruwa da gishiri a riƙa share gindin kowace ƙusa safe da yamma. Ya ce mu riƙa komowa duk bayan Talata huɗu. Ya ce ranar 12 ga Oktoba, bayan Babbar Sallah da mako biyu, za a ɗauki hoton ƙashi, in ya haɗe a sassauta noti a ga takunsa, sannan a zare ƙusoshin. Daga nan ya ɗora hannunsa a kan ƙarfen, ya dube ni ido cikin ido, ya ce kada kowa ya taɓa wannan abu sai shi.

Ban yi mamakin maganar ba, domin dokar gidanmu ce ya faɗa da harshensu. A wurin maɗora, wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Ba a sa hannu a ɗorin wani, ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, domin shi ya san yadda ya tarar da ƙashin, shi ya san inda ya ja da inda ya sassauta. In maɗori zai yi tafiya, ko ya ji ajali ya matso, sai ya kira wani maɗorin, ya kama hannunsa ya ɗora a kan ɗorin a gaban shaidu, ya ce na ba ka. Babana yana kan shimfiɗar mutuwa sai da ya sa aka ɗauko masa mutum biyu da ya ɗora, ya miƙa su, sannan ya yi shahada. Na ce a raina ashe Baturen nan ɗan gida ne. Na riƙe maganarsa kamar yadda ake riƙe wasiyya.

5. Ba mu taɓa saɓa ranar komawa ba. Zuwanmu na ƙarshe da muka same shi shi ne 14 ga Satumba. Ya ƙwanƙwasa sandunan da yatsa, ya yi murmushi, ya ɗaga mana babban yatsa, ya ce sai wani watan. Ranar 12 ga Oktoba muka je da sassafe, mai ƙafar har da sabon wando a ƙunshe, wanda zai sa ya komo gida da shi. Muka tarar da ƙofar bariki da sarƙa. Maigadi ya ce kwangila ta ƙare, an kwashe komai tun kafin Sallah, har ɗakin asibitin an ɗora shi a tirela an tafi da shi, likita kuma ya koma ƙasarsu.

To ina tambaya, ranka shi daɗe, da girmanka. Mutumin da ya san ranar tafiyarsa, ya san ya bar ƙarfe a ƙafar bawan Allah, mi ya hana shi buɗe baki ranar 14 ga Satumba? Sun tuna da janareto, sun tuna da gadaje, sun tuna da tukwanen fulawa da ke ƙofar ofis, maigadi ya ce ko tsintsiya ba su bari ba. Ƙarfensu guda da ke tafiya da ƙafar mutum shi suka manta. Wanda ya ɗaure kura ai shi ya san yadda zai kwance ta. Wannan shi ne kokena na farko, kuma shi ne uwar sauran.

6. Yanzu ga nawa laifin. Malam Barau ya ce a bar wannan, wai zai raunana koke. Na ce ya rubuta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar Alhamis, 28 ga Oktoba, da la'asar, Jafaru ya zo gidanmu a kan babur. Babu wanda ya aiko shi. Ya ce ya sami aiki can kudu, jibi zai tafi, amma ƙafar nan ta hana shi sukuni. Ya ce ya taya likita cire irin wannan ƙarfe sau huɗu, ya san yadda ake yi. Ya kwance wani ƙunshi ya nuna mana sifana ɗaya ta kwance noti da wani mariƙi mai hannu a gicciye da ake juya ƙusa da shi. Ya ce a dafa ruwa, kafin magariba an gama.

Na tambaye shi abu ɗaya: likita ya ba ka? Ya kama hannunka ya ɗora? Yaron mutane mai gaskiya, da ya yi mini ƙarya da yau ba na nan. Ya ce a'a Inna, bai ce komai ba, jirgi kawai ya hau. Na ce to tashi ka fita. Ya ce Inna ki yi wa Allah, ƙarfen nan ba a barinsa ya wuce lokaci, in ya daɗe ciwo yake zama. Mai ƙafar ya sa baki, ya ce in bari, ƙafarsa ce. Matarsa Taibatu ta durƙusa ta kama mini zani. Na ɗauki taɓarya. Na ce duk wanda ya taɓa ɗorin da ba a ba shi ba a gidan ɗiyar Tsoho, sai na karya masa hannu in ɗora shi da kaina. Jafaru ya fita. Da ya kai zaure ya juyo, ya ajiye ƙunshin a kan dakali, ya ce ko wani ya zo wanda kika yarda da shi. Ya tayar da babur ya tafi. Ba mu san garin da yake ba, danginsa a Maradun ma kudu kawai suka sani.

Na kori alheri da taɓarya, na sani. Amma ban yi don mugunta ba. Amana aka ba ni na tsare, mai amanar ne ya tsere bai waiwayo ba. Da likitan ya faɗi kalma ɗaya, ya ce Jafaru zai cire, da na shimfiɗa wa yaron nan tabarma na dama masa fura. Sifanar da mariƙin suna nan ƙulle a bakin zanina tun ranar. Yanzu haka suna kan teburin Malam Barau, ya gani da idonsa.

7. Bayan haka babu inda ban kai mai ƙafar ba. Malamin disfensare na kusa da mu mutumin kirki ne, yana wanke ƙusoshin yana shafa jan magani, amma ya ce cirewa ta fi ƙarfinsa, ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti, tafiyar wuni a mota. Mai ƙarfe a ƙafa ba ya shiga gaban mota, a bayan a-kori-kura ake shimfiɗa shi tare da buhuna, kowane rami a ƙashinsa yake sauka. Sau uku muka je.

Ranar 8 ga Nuwamba aka ce likitan ƙashi ya yi tafiya.

Ranar 13 ga Disamba aka ce ya dawo, amma ba su da abin kwance irin wannan noti, ba irin nasu ba ne. Na kwance bakin zanina na ajiye musu sifanar a kan tebur. Suka dubi juna. Sai aka ce ai ba a cirewa sai an ɗauki hoto, injin hoto kuma ba shi da fim.

Ranar 7 ga Fabrairu aka sami fim, aka ɗauki hoto. Wani likita matashi ya ɗaga shi sama ya ce ƙashi ya haɗe tuni. Na ce alhamdu lillahi, bisimilla. Sai mai riƙe da littafin masu shiga ɗakin aiki ya ce ba za a sa sunansa ba sai da takardar wanda ya kafa ƙarfen, mai nuna abin da aka yi da abin da aka sa, domin in wani abu ya faru wa zai ɗauka? Na ce wanda ya kafa yana bayan teku, in kun san hanya ku ba ni kwatance in tafi da ƙafa. Suka ce in daina yi musu tsawa. Na ce ban fara ba tukuna. Likitan nan matashi ya biyo mu har waje, ya rage murya, ya ce Inna ku yi hanzari, ƙusa biyu sun fara cin ƙashi, in ruɓa ta shiga bargo ba maganar cire ƙarfe za a yi ba, maganar cire ƙafa za a yi. Na ce to kai ka cire mana. Ya ce shi ƙarami ne, ba a ba shi ba.

Ba a ba shi ba. Ka ji, ranka shi daɗe. Ashe ku ma dokar tamu gare ku. Bambancin kawai mu muna miƙawa kafin mu tafi.

8. Da na ga haka na haɗiye girman kaina na kai shi Faru, ƙasar Maradun, wurin Sambo Maɗori, wanda a hannun babana ya koyi sana'a. Ya shafa ƙwaurin daga gwiwa zuwa idon sawu, ido rufe, ya ce ƙashin nan ya fi na dama ƙarfi. Na ajiye masa sifana. Ya mayar da hannunsa baya kamar na miƙa masa garwashi. Ya ce haba Marka, ke da bakinki? Ke ce fa kika mare ni ina saurayi don na gyara ƙullin da Baba ya yi. Na ce na tuna, yanzu rama. Ya ce ba zai rama a ƙafar ɗana ba. Amma ya tuna mini abin da na manta: in maɗori ya mutu ko ya ɓace bai miƙa ba, ɗorin ba ya zama maraya, yana komawa hannun babban maɗoran ƙasar, shi ke da ikon ba wani. Ya ce je ki nemo wanda yake sarkin likitoci a ƙasar nan, ɗorin nasa ne ko ya sani ko bai sani ba. Na yi tambaya, aka ce kai ne. Abin da ya sa takardar nan ta zo teburinka ke nan, ba don na raina ka ba.

9. Ga halin da ake ciki yau, wata tara cif, abin da aka ce wata huɗu.

Ƙusa biyu na ƙasa sun yi sako-sako, ina jin suna motsi in ina sharewa. Gindinsu ya kumbura ya yi baƙi, mugunya ba ta tsayawa. Zazzaɓi yana kama shi kwana biyu ya sake shi kwana uku. Ga zafi ya shigo, ƙuda sun gane gidanmu. Na ƙunso tsumman da na share masa da shi yau da safe cikin takardar siminti, na sa a cikin ambulan ɗin nan. Malam Barau ya ce ba a yi wa manya haka. Na ce manya ma suna da hanci. In an ce ƙarya nake yi, a buɗe.

Sarkin Fawa ya ɗauke shi daga kan teburin sayar da nama tun kafin Mauludi. Ban ga laifinsa ba, wa zai sayi nama a hannun mai miki yana tsiyaya? Ba ya iya tsugunawa ya kayar da dabba, ba ya iya fiɗa. Mutumin da shi kaɗai yake riƙe bijimi da ƙaho, yanzu yana zaune a zaure yana fere wa wasu tsinken tsire.

Wando ba ya shiga ta kan ƙarfen. Wata tara ke nan da zani yake ɗaurawa. Abokan sana'arsa, ka san bakin mahauta, in ya gitta sai su ce ga amarya ta fito, wasu su ce ya matso su rataya tsoka a ƙafar tasa, maratayi ya zo har gida. Da yana mayar musu da wadda ta fi, har a yi dariya. Yanzu ya daina bi ta kasuwa. A masallaci ƙarshen sahu yake tsayawa shi kaɗai, tun ranar da kan ƙusa ya yage wa wani dattijo riga. Sabon wandon nan yana nan a ƙunshe yadda muka komo da shi.

Sai abu na ƙarshe, wanda ba aikin ofishinka ba ne, amma a rubuta. Tun ranar da na kori Jafaru, mai ƙafar bai sake ce mini komai ba ban da ina kwana da ina wuni. Ba ya ɗaga mini murya, ba haka na rene shi ba. Yana miƙo ƙafar in share, safe da yamma, fuskarsa tana duban bango. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

10. Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon mai girma Babban Jami'i ya dubi Allah ya yi ɗaya daga cikin biyu.

Na farko, kuma shi na fi so: ka ba da umarni a rubuce, da hatimin ofishinka, cewa ɗorin nan ya dawo hannunka, kuma ka ba wani likita da sunansa, ya cire ƙarfen ya wanke ramukan ya ba da maganin da zai kashe ruɓar. Ko wannan matashin ne, na yarda da shi, idonsa yana da kunya. Hoto yana wurinsu. Sifana tana wurina. Ku faɗi rana, ko a bayan jaki zan kawo shi. Diyya ban nema ba, kada a ce a kafa kwamiti. Ƙafa nake nema.

Ina kuma roƙo a bincika ko akwai wasu irinsa. Jafaru ya ce sau huɗu suka cire, bai ce sau huɗu suka kafa ba. Daga yau duk kamfanin da zai naɗe kayansa ya bar ƙasar nan, a tambaye shi abin da ya bari a jikin mutane kafin a buɗe masa hanya.

Na biyu, in na farkon ya gagara, in likitocinka duka sun fi tsoron takarda da tsoron Allah: to ka ba ni. Ka rubuta layi ɗaya, ka ce na ba Marka ɗiyar Tsoho, ka buga hatimi, Malam Barau ya karanta mini a gaban mutum biyu. Na kalli ƙarfen nan safe da yamma wata tara, babu notin da ban san inda yake juyawa ba. Na san ba aikina ba ne, na san ramin ƙusa yana son maganin da ba ni da shi, shi ya sa na sa wannan a na biyu. Amma ina da hannu, ina da sifana. Izini ne kawai ba ni da shi.

Zan zo ƙofar ofishinka ranar Talata mai zuwa, da wadda ke bi mata, da ta ukun, wato 5 ga Afrilu. Ba zan yi tsawa ba, zan zauna a inda masinja ya nuna mini. In ta ukun ta wuce babu na farko babu na biyu, ranar Laraba da hantsi zan dafa ruwa in kwance ɗorin da ba a ba ni ba. Shekara sittin ban taka dokar babana ba, saboda ita na kori mai taimako, saboda ita ɗana ya juya mini fuska. Zan taka ta, in je lahira in yi masa bayani da kaina. Na faɗa maka tun yanzu don kada a ce an yi a ɓoye. In ƙafar ta tsira, Allah ne. In ba ta tsira ba, takardar nan tana cikin ofishinka da kwanan watanta, kuma ranar da za a tambaye ni, ba ni kaɗai za a tambaya ba.

Malam Barau ya karanta mini daga sama har ƙasa, na yarda maganata ce. Ya ce a ƙa'ida ana sake ambaton mai ciwo a ƙarshe, don kada takarda ta ɓace a cikin takardu, amma in na ji nauyi zai kwafo daga sama. Na ce a'a, da bakina. Sunansa Zakari. Zakari ɗan Marka, mahauci, Shiyar Mahauta, Bakura. Ƙafar hagu.

Ina neman afuwa in harshena ya yi kaifi. Allah shi ja zamaninka, shi tsare ka da naka daga ranar da za ku nemi mai kwance muku a rasa.

Ni ce mai biyayya gare ka,

Marka ɗiyar Tsoho Maɗori
Dangwalen babban yatsanta na dama.

Na rubuta yadda ta faɗa, na karanta mata, ta dangwala a gabana. Sifana da mariƙin da ta ambata na gan su. Ƙunshin da ke cikin ambulan ba da shawarata aka sa shi ba.

Malam Barau, mai rubuta takardu,
Bakin Kasuwa, Talata Mafara.